Kwas biyar da kibiyoyin da suka haɗa su

Laraba, da dare

Tun safe aka buɗe shafin rajistar kwasa-kwasai, amma ban danna komai ba sai da rana ta yi sanyi. Shekara ta biyu nake shiga a digirin injiniyancin manhaja, kuma daga nan ne zaɓi yake fara dawowa hannun ɗalibi. A shekarar farko kusan komai dole ne: koyon rubuta kod da Python, kalkulas, fiziks, darasin rubutu. Yanzu kuwa ga jeri nan ya fi ƙarfin zango ɗaya, kowane kwas da sharaɗinsa.

Na ɗauko kundin sashenmu da babbar farar takarda. Kowane kwas na yi masa akwati, sannan na ja kibiya daga shi zuwa duk kwas ɗin da ba a bari a ɗauka sai an ci shi. Kafin in gama, takardar ta cika da layuka, amma abu ɗaya ya fito fili: yawancin kibiyoyin daga akwati biyu suke tasowa, wato kwas ɗin tsarin jera bayanai da lissafin diskirit, lissafin lojik da kafa hujja. Daga su ake zuwa algorizim, wato matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala. Daga tsarin jera bayanai ake zuwa rumbun bayanai da SQL, harshen neman bayani a cikin rumbun, da kwas ɗin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wanda shi kuma sai an haɗa masa da sanin yadda aka gina kwamfutar kanta. Can ƙasan takarda ga furojek ɗin shekarar ƙarshe, kibiyoyi sun yi masa rubdugu ta ko'ina. Wasu kwasa-kwasan sau ɗaya ake koyar da su a shekara. Wanda ya tsallake ɗaya, ko ya faɗi, ba zango ɗaya ya rasa ba, shekara ce cur, kuma duk abin da ke bayan kwas ɗin sai ya tsaya jiransa.

Ina cikin wannan ƙawata ta kira. Ita ta riga ta gama rajista, ta saka kwas shida har da na zaɓi kan ƙirƙirarriyar basira, tana ta jan ra'ayina mu shiga tare. Gaskiya raina ya biya. Sai dai na duba sharaɗinsa, na ga an ba da shawarar a fara yin aljabaran liniya da lissafin yiwuwa, ni kuwa ban taɓa ko ɗaya ba. Na ce mata zan same ta a can, amma ba bana ba.

Lissafin awoyi ma ya taimaka min. Ƙa'idar da aka saba ita ce kowane kiredit ɗaya awa ɗaya ce a aji duk mako, da kamar awa 2 na karatu a waje. Kwas mai kiredit 3 ke nan awa 9. Biyar sun kai awa 45, shida kuwa 54. Kuma kwas ɗin kod ba ya bin wannan ƙa'ida sau da ƙafa, domin kuskure ɗaya da ya ɓuya a layi ɗaya yana iya cinye wa mutum dare guda.

Da hantsi na je ofishin malamin da ke ba ajinmu shawara, takardata a naɗe a hannu. Ya shimfiɗa ta a tebur, ya bi kibiyoyin da bayan biro, ya ƙara min guda ɗaya da ban gani ba: daga kwas ɗin tattara buƙatun manhaja zuwa na tsara gininta. Sannan ya ɗora biron a kan akwatin buƙatun, ya ce, “Wannan fa, yaushe kika sa shi?”

Na ce, “Malam, wannan zangon nake so, sai dai 'yan ajinmu da yawa sun ce a bar shi zuwa gaba, wai surutu ne kawai babu kod.”

Ya ce in zauna. Ya ba ni labarin rokar Turai, Ariane 5, wadda ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta. Wani ɓangaren manhajarta daga Ariane 4 aka ɗauko shi, inda ya daɗe yana aiki lafiya lau. Amma sabuwar rokar ta fi tsohuwar saurin tafiya ta gefe, sai wata lamba mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin gurbin ajiya a kwamfuta) ta yi girman da ba za ta shiga gurbi mai bit 16 ba, na'urar da ke auna alkiblar rokar ta tsaya, ta ajiyar ma haka. Ya ce, “Kin ga, kod ɗin abin da aka rubuta shi ya yi, shi ya yi. Ba a koma an tambayi ko buƙatun tsohuwar roka su ne na sabuwa ba, kuma ba a gwada shi da hanyar tashin sabuwar ba.”

Wannan magana ta zauna min, don ita ce ta dace da abin da na daɗe ina ji a raina game da wannan digiri. Rubuta kod, mutum zai iya koya shi kaɗai a ɗakinsa idan yana da kwamfuta da naci. Abin da ya kawo ni jami'a shi ne sauran: yadda ake zama da mai buƙata a gane abin da yake so ko da bai iya faɗa ba, yadda ake rubuta shi ta yadda za a iya gwadawa, yadda mutum biyar za su yi aiki a manhaja ɗaya ta hanyar Git, mai adana canje-canjen kod, ba tare da sun tattake aikin juna ba, yadda ake gyara abin da wani ya gina shekaru da suka wuce. Malam ya nuna min jerin fannonin da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta tattara a SWEBOK, kundin ilimin injiniyancin manhaja. Bugun 2014 yana da fanni 15, na 2024 ya kai 18, kuma gina kod fanni ɗaya ne tak a cikinsu. Buƙatu, tsarawa, gwaji, kulawa bayan an saki manhaja, inganci, tafiyar da aiki, kowanne da gurbinsa. Ban yarda waɗannan su ne marasa muhimmanci a digirin ba. Ina ganin ɗalibin da ya tura su shekarar ƙarshe zai shiga furojek ɗinsa na rukuni yana koyon abin da ya kamata a ce aiki yake da shi.

Diskirit ne kaɗai ke ɗan ba ni fargaba. Lojik, jadawalin gaskiya da ƙarya, rukunoni, giraf (ɗigogin da layuka suka haɗa), da kafa hujja mataki bayan mataki: ba irin lissafin da na saba ba ne, inda ake neman amsa a ja mata layi. Malam ya ce in haɗa shi da tsarin jera bayanai a zango ɗaya, don zanen rassa irin na bishiya da giraf ɗin da zan gani a allo su ne zan rubuta da Java a ɗakin kwamfuta, kowanne zai riƙa haska ɗaya.

Mun kuma yi maganar zuwa koyon aiki a kamfani bayan shekara ta uku. Ya ce in tabbata na gama rumbun bayanai da gwajin manhaja kafin lokacin, su ne abin da za a fi saka ni yi. Na rubuta hakan a gefen takarda.

Da na dawo na yi rajistar biyar: tsarin jera bayanai, lissafin diskirit, tattara buƙatun manhaja, tsarin ginin kwamfuta, da aljabaran liniya. Lokacin aljabaran ya ci karo da awar ɗakin kwamfuta ta ranar Alhamis, sai na koma rukuni na biyu na aljabaran, wanda ake fara shi ƙarfe 8 na safe. Zango mai zuwa in sha Allahu algorizim, rumbun bayanai, lissafin yiwuwa da gwaji. Gobe zan kai fom ɗin Malam ya sa hannu kafin a rufe shafin, sannan in saka Java a kwamfutata.