Rumfar tsakar gida mai sanduna a sama: inda ake yin kuskure

Jama'a, masu son kafa rumfar hutawa irin wadda ake jera katako a samanta a bar tazara, ku fara da ƙasa kafin ku kalli sama.

Ramin kowane ginshiƙi ya kai zurfin santimita 60, a cika shi da kankare: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Kada a binne katako kai tsaye. Gara da laimar damina ta gindi suke cinye shi, sama tana nan lafiya lau, sai iskar farkon damina ta zo ta kwantar da rumfar. A dasa takalmin ƙarfe, wato ƙarfen da gindin ginshiƙi zai zauna a ciki, cikin kankaren, a ɗaure ginshiƙin da kusoshi masu noti, ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Tsakanin ginshiƙai kada ya wuce mita 3, in ba haka ba gungumen sama zai lanƙwashe a tsakiya.

Abin da ya fi damuna shi ne tazarar sandunan sama. A Kano ko Zinder da tsakar rana, rana tana tsayawa kusan tsakar ka, don haka tazara mai faɗi ado ce kawai, babu inuwa. A matse su, kamar santimita 10 zuwa 15, a shimfiɗa zana ko asabari a kai lokacin bazara. Ɓangaren yamma kuma a rataya asabari, domin ranar la'asar ta gefe take shigowa.

In za a sa kwanon rufi, a ba shi gangara, a ƙara ɗauri, don iska ta ƙasa take ɗaga shi.