Kwana nawa waƙa ɗaya ke ci a situdiyo?

Bayan tambayar kuɗi, abin da ya fi fita daga bakin mai shigowa situdiyo a nan Katsina shi ne: "Maigida, yau zan samu?" Amsar ta kasu biyu. Akwai awannin da ake zaune gaban kwamfuta ana aikin, akwai kuma kwanakin da aikin ke ci kafin ya fita. Waƙar minti huɗu da aka haɗa kiɗanta da na'ura, mai amshi da baiti uku, a wurinmu tana cin awa 15 zuwa 25 na aiki zalla, kuma awannin nan ba a jere suke ba, sai sun bazu cikin kwana biyar zuwa goma. Jingil na talla mai sakan 60 kam ana iya fara shi da hantsi a miƙa shi kafin la'asar.

Ana farawa da tsayar da gudun kiɗa da kuma kii, wato matakin sautin da mawaƙi zai iya hawa. Gudu ana ƙirga shi ne da yawan bugu a minti. Kiɗan hawus na Turawa yana tsakanin 120 da 128, amafiyano na Afirka ta Kudu yana wajen 112. Ɗauki 120: bugu huɗu su ne gaɓa ɗaya, kowace gaɓa sakan biyu ke nan, waƙar minti huɗu kuwa gaɓa 120. Ba wanda ke buga su duka da hannu. Gaɓa takwas ake ginawa, sakan 16 kacal, a zuba babbar ganga, tafi, kacau-kacau, bes (sautin nan mai kauri na ƙasa), fiyano da abin busa, a bar shi yana ta zagayowa. Wanda hannunsa ya faɗa a manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase zai yi wannan cikin awa ɗaya ko biyu. Mai amfani da kiɗan da ke cikin fiyanon Yamaha ya fi haka sauri, sai dai waƙarsa za ta fito kamar ta kowa.

Sakan 16 ɗin nan su ke yaudarar sabon furodusa. Yana jin daɗinsu, mawaƙi na gyaɗa kai, kowa na ganin an gama, alhali ko kashi ɗaya cikin biyar ba a yi ba. Shimfiɗa su su zama waƙa shi ne aikin: ina mabuɗi, ina za a cire ganga murya ta fito fili, me zai bambanta baiti na biyu da na farko, ina za a yi ɗan shiru kafin amshi ya dawo. Wannan yana cin awa uku zuwa biyar, kuma yawancinsu a kan cirewa suke tafiya, ba ƙari ba. Kiɗan da aka cika shi da kaya ba ya barin wuri ga murya.

Idan mai waƙa yana son kalangu ko kotso na gaske a ciki, a ƙara awa biyu zuwa uku. Makaɗi ba na'ura ba ne, yana ɗan gaba yana ɗan baya, sai an bi bugun ana yankawa ana daidaitawa da sauran kiɗan. Wurin da ake ɓata aikin shi ne a danna wa manhaja ta jera kowane bugu daidai kan layi. Nan take kalangun zai daina magana, ya koma kamar ana buga kwano. Da hannu ake gyara bugun da ya kauce sosai, sauran a bar su da takunsu.

Ɗaukar murya ita ce babu wanda zai iya yi maka alkawarin lokacinta, domin ba a hannunmu take ba. Mawaƙin da ya zo da waƙarsa a kai, ya riga ya rera ta a kan kiɗan kwana biyu ko uku, awa biyu sun ishe shi. Wanda ya zo yana rubuta baiti a waya cikin ɗakin ɗauka zai cinye yini, a dawo gobe. Kowane baiti ana ɗaukarsa sau uku zuwa biyar don a zaɓi mafi kyau daga kowanne. Amshi kuwa ana ninka shi: ɗaya a tsakiya, ɗaya dama, ɗaya hagu, sannan muryar da ke hawa sama da wadda ke bi ta ƙasa. Bakin mawaƙi ya tsaya kamar taki ɗaya daga makirfo, da rariyar tare iska a tsakani, in ba haka ba duk "f" da "b" sai sun yi buf a lasifika. Makirfon kondensa sai an kunna masa wutar bolt 48 daga saundkad, akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, kuma yana jin komai: fanka, Keke Napep a layi, ƙarar janareton maƙwabci. Saboda haka ake kashe fanka, kuma a zafin Afrilu mutum ba ya wuce minti 20 a rufaffen ɗaki ba tare da ya fito ya sha iska ba. Da hunturu kuma maƙogwaro ne ke bushewa, sai ana bi da ruwan ɗumi. Lokutan salla ma a sa su cikin lissafi, don da an fara kiran salla ɗauka ta tsaya.

Kuskure ɗaya da ke mai da aiki baya: a gina kiɗa mawaƙi ba ya nan, ya zo ya tarar kiin ya yi masa sama. In kayan kiɗan duk na cikin kwamfuta ne, minti biyu a sauke shi. In kuwa an riga an ɗauki mai jita ko mai gurmi ya tafi gida, sai an sake kiransa. Waƙar da namiji da mace ke karɓa-karɓa ta fi shiga wannan matsala, shi ya sa ake gwada su biyun tun kafin a zuba bes.

Daga nan sai tsintar murya, aikin da mai waƙa bai san ana yi ba. A haɗa layin da ya fi kyau daga ɗauka ta biyu da na ɗauka ta huɗu, a rage numfashi, a share tari da motsin baki, a jera muryoyin amshi su faɗi kalma tare. Awa uku zuwa huɗu. Auto-Tune, abin daidaita muryar mawaƙi a kwamfuta wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997, mutane na ɗauka shi ke rage wannan wahala. Yana ragewa in an saita masa kiin daidai. In an ba shi wani kii daban, zai riƙa jan murya zuwa inda bai kamata ba. Ga Hausa kuma akwai ƙarin matsala, domin harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne suka raba su. Idan na'ura ta miƙar da gaɓar da ya kamata ta sauka, Bahaushe zai ji kalmar ta karkace ko da bai san dalili ba. Irin waɗannan wurare da hannu ake gyara su, ɗaya bayan ɗaya, a manhaja irin Melodyne, ko a ce wa mawaƙi ya sake layin, wanda sau da yawa shi ya fi sauri.

Miksin, wato daidaita muryoyi da kayan kiɗa su zauna tare, yana cin awa huɗu zuwa shida a waƙar da ke da layukan sauti 30 zuwa 50. Ana yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80 zuwa 100 (haz ma'aunin kauri da kaifin sauti ne) daga murya, domin gurnani ne kawai a can, har da ƙugin wuta na haz 50 da ke biyo waya marar kyau. Babbar ganga da bes kullum faɗa suke a wuri ɗaya, sai an sa bes ya ɗan rusuna duk lokacin da ganga ta buga. Amsa-kuwwar murya ba da ka ake saita ta ba: a raba 60,000 da gudun waƙar, a gudun 120 za a samu milisakan 500, wato rabin sakan.

A nan ne kwanaki ke shigowa. Bayan awa biyu ko uku ana sauraron abu ɗaya, kunne ya gaji, ya fara ƙarya. Sai ka yi ta ƙara kaifi kana jin bai isa ba, gari ya waye ka kunna ka ji yana sukar kunne. Miksin da bai kwana ba, ba mu miƙa shi. Washegari a saurara a waya, a ƙaramar lasifikar Bluetooth, a mota, in da hali a manyan lasifikun mai DJ. Lasifikar waya ba ta fitar da bes mai zurfi, kuma yawancin masu sauraro a nan da ita za su ji, don haka sai an ɗan ƙazantar da bes ɗin ya samu saman da waya za ta kama.

Mastarin, wato gogewar ƙarshe da saita ƙarar waƙar gaba ɗaya, bai wuce awa ɗaya ba in miksin ya yi kyau. Ana barin sararin ƙara kamar desibel 6 a sama kafin a fara. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi a wajen 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙara na LUFS, saboda haka matse waƙa don ta fi ta kowa ƙara ba ya ƙara mata komai a can. Muna fitar da waƙar a fayil ɗin WAV, wanda a bit 24 minti huɗu ke haura megabait 60, da MP3 mai 320 da bai kai megabait 10 ba.

Abin da ya fi tsawaita aiki, fiye da ɗauke wuta da mutuwar kwamfuta saboda manhajar sata, shi ne gyaran bayan an gama. Waƙar biki ta fi kowace: an manta sunan gwaggon amarya, a sa abokin ango da ya zo daga Daura, a cire wance. Suna ɗaya yana nufin a kira mawaƙi, a sake ɗauka, a yi ta fama muryar yau ta yi kama da ta makon jiya, a sake fitarwa. Rabin yini ya tafi. Waƙar siyasa ma haka, sarauta ɗaya aka tsallake sai an dawo. Shi ya sa muke karɓar sunaye a rubuce tare da kafin alƙalami, gyara biyu na cikin kuɗin aiki, na uku kuma da kuɗinsa.

Fitarwa ma tana da nata kwanakin. Audiomack da YouTube a ranar ake ɗorawa. Spotify da Apple Music sai ta hannun dillalai irin DistroKid, kuma Spotify yana son a miƙa waƙa aƙalla kwana bakwai kafin ranar fitarta in ana son masu tsara jerin waƙoƙinsa su duba ta. Mai biki ranar Asabar ya zo mako biyu kafin nan. In bikin bayan salla ne, lokacin da kowane situdiyo ke cike, ya mai da shi mako uku.