Haɗarin jirgin sama tun yana ƙasa

Yawancinmu in mun shiga jirgi sai ya ɗaga sama muke fara addu'a da gaske, lokacin da yake tafiya a hankali a ƙasa yana neman titin tashi kuwa kowa na danna waya. Ni kam wannan ɗan lokacin ya fi tsaya min a rai, saboda abin da ya faru a filin jirgin Linate na Milan a Italiya ranar 8 ga Oktoba 2001.

Da safe ne, hazo ya rufe ko'ina, wani ƙaramin jirgi Cessna aka ce ya bi hanyar R5 sai ya bi R6, kuma ita wannan hanyar kai tsaye take ratsa titin da jirage ke tashi, daidai lokacin jirgin fasinja na kamfanin SAS mai zuwa Kopenhagen ta ƙasar Denmark ya taho a guje zai ɗaga. Jirgin SAS ɗin ya bugi ƙaramin, ya je ya daki ginin da ake tara kayan fasinja. Mutum 118 suka rasu, har da ma'aikata 4 da ke cikin ginin suna aikinsu.

Abin da ya fi ƙona min rai wallahi, filin ba shi da radar ta ƙasa mai aiki, wato na'urar da ke nuna inda kowane jirgi yake a ƙasa, an sayo sabuwa amma ba a kafa ta ba, alamomin hanyoyin ma ba su cika ƙa'ida ba. Mai kula da zirga-zirga yana hasumiya yana magana da matuƙi, alhali bai ga inda jirgin yake ba. Duk wanda ya san yadda hazon hunturu ke rufe filin jirgin Kano ya san wannan ba labarin Turawa kaɗai ba ne.