Daga Agege zuwa Gwanzu, daga can sai Delhi

Kwana huɗu kenan da dawowata Legas kuma har yanzu barcina bai daidaita ba, ƙarfe uku na dare ido biyu, to gara in zauna in rubuta labarin nan tun bai fara gushe min ba, don a majalisarmu ta Agege duk wanda ya gan ni sai ya ce Alhaji a ba mu labarin Chana, bakina har ya gaji da maimaici. Tafiya biyu na haɗa a ɗaya. Na je birnin Gwanzu na Chana sarin fitilun sola da caja, daga nan na wuce Indiya duba Yayana da aka yi wa aikin ƙoda a Delhi.

Maganar jirgi ba ta da wani labari, mun zauna har ƙafa ta kumbura mun sauka. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne waya. Na samu intanet a filin jirgin, na buɗe WhatsApp in gaya wa uwargida na sauka lafiya, saƙo ya tsaya cak, na koma Facebook shiru, Google ma shiru. Mai masaukina wani ɗan Kano ne da ya fi shekara goma a can yana wa 'yan kasuwa dillancin kaya, da ya iso ya gan ni ina ta latse-latse sai ya ce Alhaji bar wahalar da kanka, duk gwamnati ta toshe su, nan WeChat ake yi. Da WeChat ake hira, da shi ake biyan kuɗin mota, har mai gasa dankali a bakin titi lambar da ake ɗauka da waya ya rataya. Ya ƙara da cewa kuma ka sani duk abin da ka rubuta a ciki ba kai kaɗai da abokin hirarka kuke gani ba.

Bawan Allahn nan ya yi min halacci. Ya rantse ba zan kwana otal ba, ya kai ni gidansa kusa da Xiaobei, unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa, matarsa ta ajiye min tuwon shinkafa miyar kuka har da man shanu, a Chana fa. Amma da gari ya waye ko karyawa ba mu yi ba ya ce ɗauko fasfo mu tafi wajen 'yan sanda, doka ce, baƙon da bai sauka otal ba dole a yi masa rajista cikin awa 24. Jami'in da muka tarar ko ɗago kai bai yi ba, ya karɓi fasfo ya juya ya juya, ya daka wa mai masaukina tsawa da yarensu kan wata takardar haya, sannan ya cillo min fasfona kan kanta har ya faɗi ƙasa. Raina ya ɓaci matuƙa, da a nan gida ne wallahi sai na tambaye shi ko ni bawan gidansu ne. Mai masaukina ya taka min ƙafa, ya sunkuya ya ɗauka da kansa yana ta godiya. A waje ya ce Alhaji nan ba a musu da mai kaki, bizarka a hannunsu take, tawa ma haka.

To amma gaskiya ɗaya ce, ƙasar nan ta ginu. Mun shiga jirgin ƙasa zuwa Shenzhen, allon da ke cikin taragon yana nuna gudun kilomita 300 a awa, na ajiye kofin shayi bai ko girgiza ba, wajen minti talatin mun isa. Wuta ba ta ƙifta ba ko sau ɗaya duk zamana, ban ji ƙarar janareto ba, mace ita kaɗai tana tafiya ƙarfe ɗaya na dare ba ta waiwaye. Sai na tuna jirginmu na Marina zuwa Mile 2 da aka fi shekara goma ana ginawa kafin ya fara ɗaukar mutane a 2023, kuma su ɗin dai 'yan Chana ne suka yi aikin. Taliyarsu ta Musulmi mai naman sa, kwano cike yuwan 15, ka ƙoshi har dare. Mai kamfanin fitilun ya fara min da yuwan 38 kowacce, muka yi ta ja yana buga lissafi a kalkuleta ina gogewa ina buga nawa, har muka tsaya a 29 da sharaɗin zan ɗauki dubu biyu, kuma ya kai mu cin abinci ya biya.

A wajen cin abincin ne na tambaye shi yadda suke gama aiki da wuri haka. Ya ce ƙasa ta gwamnati ce, ko gidan da ka saya izinin shekara 70 ne a kan filin, in jam'iyya mai mulki ta ce titi zai bi ta nan to zai bi, a biya ka ka tashi. Na ce to ku wa kuka zaɓa a zaɓen da ya wuce? Mutumin ya yi murmushi, ya kifa wayarsa a kan tebur, ya ce in ƙara kifi. Shi kenan amsar. Wannan kifa wayar har yau yana idona.

Da dare mai masaukina ya warware min. Tun 1949 da Mao ya kafa gwamnatin, jam'iyyar kwaminis ce ke mulki, ba a taɓa yin wani zaɓe da za ta iya faɗuwa ba. Akwai wasu ƙananan jam'iyyu takwas amma duk a ƙarƙashinta suke, ba sa takara da ita. Suna da majalisa, wakilai kusan dubu uku, suna haɗuwa sau ɗaya a shekara a watan Maris a Bejin su amince da abin da aka riga aka gama, ainihin masu yanke hukunci mutum bakwai ne na ƙolin jam'iyya, Xi Jinping a samansu tun 2012. A 2018 da aka kawo maganar cire wa'adin shugaban ƙasa mutum 2,958 suka ce e, biyu kacal suka ce a'a. Soja ma na jam'iyya ne, kotu da jarida duk jam'iyya ke sama da su. Ya ce shi ya ɗanɗana abin a jikinsa a 2020 lokacin korona, da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Gwanzu, mai gidansa ya ba shi kwana ɗaya, ya yi dare biyu a ƙarƙashin gada da jakarsa. Ba kansila, ba ɗan jarida, ba wanda za ka kai wa kuka. Bidiyon da suka turo gida ne ya cece su, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Chana a Abuja ya nuna masa a waya. Yana ba ni labarin muryarsa na rawa, ni ma sai da na share ido.

Juma'a mun yi ta a masallacin da suke cewa nan kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ko da yake malamanmu Baƙi'a suka sani. Jama'a maƙil, Larabawa, 'yan Pakistan, mu, da Musulmin ƙasar da fararen huluna, 'yan sanda a ƙofa kyamara ta ko'ina. Na ga wani mai gasa nama da alama ɗan Xinjiang ne, na so in tambaye shi halin da 'yan'uwansa Uighur, Musulmin wancan yankin na Chana, ke ciki, mai masaukina ya riƙe min hannu ya ce don Allah kar ka ja masa bala'i, kai jibi za ka tafi shi yana nan.

Na bi ta Bankok na sauka Delhi, kai jama'a, kamar an ɗauke ni daga ɗakin karatu an jefa ni Oshodi ta da. Hon, hayaƙi, shanu a titi, keke napep ɗin nan tamu ashe nan ne gidansu, mai tasi ya cuce ni ninki biyu tun daga filin jirgi kuma da na gane bai ko ji kunya ba. Yaya dai alhamdulillah jiki da sauƙi, yana zaune yana cin abinci, matarsa ce ta rame saboda jinya. WhatsApp ya dawo, saƙonni sama da ɗari uku suka zubo lokaci guda.

A ɗakin jira na asibitin akwai talabijin, na ga zauren majalisa ana ta ihu, wasu sun miƙe suna ɗaga takardu, wani minista na ƙoƙarin magana ana katse shi. Na tambayi tafintan Yaya, wani Musulmi ɗan jihar Kerala mai Larabci kamar ruwa, ko juyin mulki ake. Ya yi dariya ya ce ya shaikh kullum haka ne. Muka fita shan shayi mai madara da citta na rufi goma sha biyar, ya zauna ya yi min karatu. Su ba sa zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye irin namu, kowa ɗan majalisar mazaɓarsa yake zaɓa, kujeru 543, duk wanda ya haɗa 272 shi ne firaminista. Firaminista Modi kansa ɗan majalisa ne daga Varanasi, ministocinsa ma dole su zama 'yan majalisa, kuma akwai awa guda da aka ware a zama don su tsaya su amsa tambaya. Shugabar ƙasa Droupadi Murmu tana nan amma ta girmamawa ce da sa hannu. A zaɓen 2024 jam'iyyar BJP ta Modi kujera 240 ta samu, ba ta kai ba, sai da ta jingina da wasu jam'iyyun jihohi kafin ta kafa gwamnati, in suka janye yau kujerar na iya girgiza ba sai an jira shekara biyar ba. Ya ce a 1999 gwamnatin firaminista Vajpayee da ƙuri'a ɗaya tak ta faɗi a zauren, 269 da 270.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ya ce su ma suna da kwaminisawa. A Kerala tun 1957 suke cin zaɓe, kuma sun sha faɗuwa su koma adawa, a jihar Bengal ta Yamma sun yi shekara 34 suna mulki har 2011 da Mamata Banerjee ta kayar da su suka tattara suka ba ta wuri. Tutar guduma da lauje iri ɗaya da wadda na baro a Gwanzu, amma wannan ana iya sauke ta da ƙuri'a.

Kar wani ya ɗauka Indiya aljanna ce. Talaucin da na gani a gefen titi ban ga irinsa a Gwanzu ba, iyali guda suna kwana a ƙarƙashin gada da jarirai. Tafintan da kansa ya ce Musulmi suna cikin fargaba, ana rushe gidajen wasu da katafila, ana yanke intanet a Kashmir in an ga dama, ya zagi gwamnati son ransa. Amma a ina ya faɗa? A shagon mai shayi, da ƙarfi, ɗan sanda na tsaye taku biyar daga gare mu yana shan nasa, kuma wayarsa na hannunsa bai kifa ta ba. Ya kai ni Jantar Mantar inda masu zanga-zanga ke zama da alluna, ya ce manoma sun yi shekara guda suna tare hanyoyin shiga Delhi daga 2020 har Modi ya janye dokokin noma uku a 2021.

Da na ba Yaya labari a gadon asibiti sai ya ce ai Baba Allah ya jiƙansa ya sha faɗa mana, irin wannan tsarin na Indiya muka fara da shi a Najeriya. Tafawa Ɓalewa firaminista, Zik shugaban ƙasa na girmamawa, jam'iyyun NPC da NCNC suka haɗa gwamnati, Awolowo jagoran adawa, majalisar ma a nan Legas take gefen filin sukuwa da yanzu ake kira TBS, har sojoji suka rusa a 1966, a 1979 kuma muka ɗauko irin na Amurka. Ko a 2024 wasu 'yan majalisar wakilai kusan 60 sun kawo ƙudurin a koma. Shekaranjiya a majalisarmu ta Agege wani abokina ya ce shi dai a ba shi irin na Chana, a ba shi wuta da titi a rufe masa baki ya yarda. Na fahimce shi, mutumin da ke sayen man janareto kullum dole ya faɗi haka, ni ma jirgin Shenzhen ya burge ni har raina. Amma na ce masa ran da aka zo rushe rumfarka ko aka kwashe baburan yaranmu, wa kake fara nema? Sarkin Hausawa, ɗan majalisa, lauya, 'yan jarida, ka yi bidiyo ka watsa. Wani lokaci a dace wani lokaci a'a. Mai masaukina ko ɗaya daga ciki bai samu ba daren da ya kwana a ƙarƙashin gada, kuma ni ba zan iya zaman da sai na kifa waya kafin in amsa tambaya ba.

Sauran kwanakin ba yawa. Na yi sallah a babban masallacin Jama na tsohuwar Delhi, na ci biryani mai yaji da ya sa ni hawaye, na sayo wa uwargida sari biyu da turare. Mun yada zango a Adis Ababa awa biyar. A filin jirgin Legas na fi awa guda ina jiran jaka, na fito na tarar da cunkoso tun daga Ikeja.

Yaya sai ƙarshen wata likita zai sallame shi, a sa shi a addu'a. Kaya kuma an ce sati shida kafin su iso Apapa, masu son fitila a yi haƙuri.