Godiya ga waɗanda suka tsaya wa Baba a Kantin Kwari

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah, a madadin iyalinmu gaba ɗaya ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana ranar da mahaifinmu ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa. An sallamo shi, yana gida, har ya fara faɗan an hana shi gishiri.

Godiya ta musamman ga wani bawan Allah ɗan agaji, wanda har yau ba mu san sunansa ba. Yaran shago sun ce ko da ya iso an riga an yi wa Baba rumfa: wannan na fifita da kwali, wancan ya fasa ledar ruwa zai ɗura masa. Ya ce kada wanda ya sa masa komai a baki, shaƙewa zai yi. Ya bubbuga kafaɗarsa, "Alhaji! Alhaji!" Shiru, sai wani kakari jefi-jefi, har wasu sun fara salati. Ya ce wannan ba numfashi ba ne, zuciya ce ta tsaya. Ya nuna mutum biyu da yatsa: kai kira 112, lambar agajin gaggawa, kai nemo mota, wadda ta riga zuwa da ita za a tafi.

Ya sa aka sauko da Baba daga kan dilar atamfa zuwa siminti, don a kan abu mai taushi dannawar ba ta shiga. Ya durƙusa, ya ɗora gindin tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, hannaye a miƙe, ya dinga dannawa da nauyin jikinsa. Wani dattijo ya ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah, ƙarasa shi za ka yi!" Ko ɗagowa bai yi ba. Haƙarƙari kuwa ya tsage, amma likita ya ce hakan na faruwa, kuma ƙashi yana ɗinkewa. Ƙwaƙwalwa ce ba ta jira: minti 4 zuwa 6 babu jini ta fara lalacewa. Shi ya sa ake dannawa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, ana barin ƙirjin ya taso kafin a sake.

Godiya ga ɗan dakon da ya dinga karɓarsa duk bayan minti 2. Bai taɓa koya ba, kallo ɗaya ya yi ya iya. Da direban akori-kurar da ya sauke kayan mutane ya ɗauki Baba da masu danna masa ƙirji, tunda a adaidaita sahu babu wurin shimfiɗe mutum. Har cikin Asibitin Murtala ba su ɗage hannu ba. Likitoci da nas-nas da suka jona masa na'urar da ke farfaɗo da bugun zuciya, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata.

Ina roƙon shugabannin kasuwa su kira Red Cross ko ƙungiyoyin agaji su koya wa yaran kowane layi. Kasuwa irin Kwari ba ta rasa masu hawan jini.

Wanda ya san ɗan agajin nan, don Allah ya haɗa mu, Baba na son ganinsa. Masu zuwa dubiya kuma a yi mana haƙuri, likita ya ce a rage, kuma ban da runguma saboda haƙarƙarin.