Kafin motar dillali ta iso ranar Laraba

Ranar Lahadi a majami'armu nan Tawa wani saurayi ya miƙe ya ba da shaida. Albasarsa ta yi kyau bana. Ya ɗora buhu guda a gaba, zumuntar mata suka rangaɗa guɗa, abokansa suna ta ɗaukarsa da waya. Da muka fito sai na ji yana gaya wa dillali a kawo mota ranar Laraba a kwashe duka. Duka fa, a watan Afrilu, lokacin da albasar Galmi da Madawa ta cika kasuwa, buhu ya faɗi ƙasa warwas.

Ɗana, wannan rigar na sa ta kafin kai, na san inda take yagewa.

Kuskurena tun daga fadama yake farawa. Ina zuba takin zamani fiye da kima don albasa ta yi girma a yaba mini, ina ban ruwa har jajibirin cira don ta yi nauyi. Albasar da aka yi wa haka wuyanta ba ya bushewa, ruwa ne cike da ita, mako kaɗan ta fara ruɓa daga ciki. Ka'ida ita ce a tsayar da ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira, a bari ganye ya kwanta da kansa, a shanya ta a inuwa har wuyan ya ƙame, sannan a yanke. Na san haka sarai, amma ban yi ba. Saboda haka dole in sayar nan take, in zo majami'a in ce Allah ya buɗe mini kasuwa.

Ba wai ba ni da hujja ba. Akwai bashin man injin ban ruwa, akwai kuɗin ƙwadago, ga dillali ya ba ni kuɗi tun albasa tana ƙasa. Wanda igiya ke wuyansa ba ya zaɓen rana. Amma in faɗi gaskiya, rabin amfanin ya isa ya biya waɗannan. Sauran rabin son riƙe kuɗi da ɗumi ne ya kai shi mota.

Wajen baiko ma na yi wayo. Buhu guda a gaban jama'a ya fi ushiri ƙara, ya kuma fi shi araha. Ban taɓa zama da alƙalami na lissafa abin da Ubangiji ya ba ni ba, to da me zan auna godiyar? Watan Yuli na shigowa, rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, sai ga ni ina awo bashi ina gunaguni kamar Isra'ilawa a jeji. Wanda ya ga 2005, bayan fari da fara sun cinye daminar 2004, bai kamata a koya masa tanadi ba. Ni na gani, na kuma manta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaya abincin, wato abincin ruhu. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin ban ruwa, nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako ba ya ganina. Addu'ar safe da iyali ta koma kalma uku a bakin ƙofa. Ina cewa ai aiki ma ibada ne, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ban taɓa fasa ban ruwa don nazari ba ko sau ɗaya. Maimaitawar Shari'a sura 8 ta faɗi cutar tun da daɗewa: mutum ya ci ya ƙoshi, dukiya ta ƙaru, sai zuciya ta ce ƙarfin hannuna ne. Kutare goma Yesu ya warkar a Luka 17, guda ne ya komo, shi ma Basamariye. Tarar nan ba su musa cewa an warkar da su ba, hanya ce kawai ta yi musu daɗi.

Na yi niyyar jera muku shawarwari goma, amma samarin yanzu in magana ta wuce tsawon saƙon WhatsApp kun tafi.

Sayi littafin rubutu. Rubuta buhu nawa ka samu, nawa ka kashe, nawa ake binka. Fitar da ushiri daga wannan lissafi, a asirce, kafin ka taɓa komai. In kana son kai buhu gaba ka kai, amma ka bar wayar a aljihu.

Sai hatsin gida. Gidan mutum 8 yana cin kamar tiya 2 a yini, wato tiya 60 a wata. Buhu tiya 40 ne, ke nan daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba buhu 6 kake bukata. Saye su yanzu, kafin babur, kafin sabuwar waya.

Ragowar albasar ka zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa: a ɗaga ta daga ƙasa, iska na shiga ta ko'ina, kada ka tula ta da kauri, duk mako biyu ka shiga ka tsince mai laushi, don guda ɗaya tana kashe maƙwabtanta. Wajen kaka kuɗinta yakan ninka. Yusufu ma kashi ɗaya cikin biyar ya tara a shekarun ƙoshi. Amma in ka riga ka cika mata taki da ruwa irin nawa, sayar da ita ranar Laraba, kada ka saurare ni. Kuma kada rudun ya zama abin dogararka, manna da aka ɓoye ta kwana tsutsa ta yi, mai arzikin Luka 12 kuwa a daren da ya gama shirin manyan rumbuna aka nemi ransa. Ka tara, kada ka tara. Har yau ban gama sasanta su ba, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce na gama.

Laraba da la'asar akwai nazari, daidai lokacin da ake loda mota. Ina zama a bencin baya kusa da ƙofa, ina ganin duk mai shigowa.