Yadda na toshe tarar dala 35 a asusuna na Amurka

A Amurka, idan ka kashe fiye da abin da ke asusunka, banki kan cika maka, sannan ya ɗora tara, a wasu bankuna dala 35 a kowace sayayya. Hukumar CFPB, mai kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, ta lissafa a 2014 cewa cikon dala 24 da aka mayar cikin kwana uku, da tarar dala 34, daidai yake da ruwan kashi 17,000 cikin ɗari a shekara. A wurina kuɗin ruwa ne aka sauya wa suna, kuma mai ƙaramin ƙarfi ke biya.

Na fara da kiran banki na janye amincewata. Tun 2010 doka ta hana wannan tarar a ATM da sayayyar kati sai da yardarka, amma da yawa daga cikinmu mun sa hannu ranar buɗe asusu ba mu karanta ba. Yanzu in kuɗi bai kai ba, katin kawai ke ƙin wucewa.

Inda na yi tuntuɓe shi ne dokar ba ta shafi cak da kuɗin da ake cira kai tsaye duk wata ba, kamar inshora da wuta. Sai na mayar da ranakunsu kwana biyu bayan albashi, na sa saƙon gargaɗi ya shigo da zarar asusu ya sauka ƙasa da dala 100.

Ka kuma tambayi yadda bankinka ke jera cirewa. A ce kana da dala 100, ka sayi abin 5, 10, 15, sannan 90. In aka bi yadda suka zo, tara ɗaya ce. In aka jera daga babba zuwa ƙarami, aka fara da 90, ƙananan ukun duk sun faɗa rami, dala 105 ke nan. A kan wannan dabarar kotu ta umarci bankin Wells Fargo ya mayar da dala miliyan 203 a 2010.

Daga baya na koma asusu mai shaidar Bank On (tambarin da ake bai wa asusun banki mai sauƙin caji), wanda ba ya cajin tarar sam. Bankunan Ally da Capital One ma sun soke ta. Manhajojin ajiyar kuɗi na waya kuwa ina taka-tsantsan da su, don rushewar Synapse, kamfanin da ke haɗa irin waɗannan manhajoji da bankuna, a 2024 ta kulle kuɗin mutane watanni, ko da an ce musu akwai inshorar FDIC, hukumar gwamnati mai lamunin kuɗin ajiya idan banki ya rushe. Kuɗin ko-ta-kwana daga adashinmu na mutum goma na tara shi. Ɗauka ta farko na bar dala 300 a asusun, ba na taɓawa.